Kyauta, rupi 600 ko 1,300: wane wurin tarihi ya dace da aljihun baƙo a Delhi da Agra?

Mafi yawan Hausawan da ke sauka Delhi ba yawon buɗe ido ya kawo su ba. Wani ya rako mahaifinsa asibiti, wani ɗalibi ne a Greater Noida, gari a gefen Delhi, yana jiran kuɗin wata daga gida, wata kuma sarin kaya ta zo, tana ƙirga kowane rupi. Amma idan zama ya yi tsawo, likita ya ce a dawo bayan kwana goma ko makaranta ta ba da hutu, dole zancen ya taso: a je Taj Mahal ne, ko a tsaya cikin gari? Ga kuma mutanen gida da ba za su fasa tambaya ba: "Ka je Indiya ba ka ga Taj Mahal ba?"

Abin da ke fara tarbar mutum a bakin ƙofa shi ne allo mai farashi biyu. Hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya, wadda aka fi sani da ASI, tana karɓar rupi 40 daga ɗan ƙasa a Qutb Minar, baƙo kuma 600, ninki 15 ke nan. A Taj Mahal ɗan ƙasa 50 ne, baƙo 1,100, ninki 22. Farashin fasfo yake bi, ba biza ba, don haka ɗalibin da ya shekara uku a ƙasar da wanda ya sauka jiya kuɗinsu ɗaya. 'Yan wasu ƙasashen yankin, irin su Bangladesh da Nepal da Sri Lanka, suna da rangwame. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan ba sa ciki. Ba a ciniki a tagar tikiti, kuma roƙo ba ya aiki.

Sauƙi biyu ne tabbatattu. Yaron da bai cika shekara 15 ba kyauta yake shiga, ko ɗan wace ƙasa ne. Wanda kuma ya sayi tikiti ta intanet ana rage masa rupi 50 a kowane tikiti.

Da me za a auna?

Na farko, kuɗin ranar gaba ɗaya, ba na ƙofa kaɗai ba. Akwai wurin da ƙofarsa kyauta ce amma ƙananan kuɗi na cinye mutum a ciki, akwai kuma wanda kuɗin motarsa ya fi na shigarsa. Ma'auni mai sauƙi shi ne jirgin ƙasa na cikin gari, wato Metro: bayan ƙarin da aka yi a 2025, kuɗinsa tsakanin rupi 11 ne zuwa 64. Tikitin 600 daidai yake da doguwar tafiya tara a Metro, har da canji. Tikitin Taj Mahal cikakke, 1,300 har da ƙarin hawa hubbare, tafiya ashirin ce. Mai jinya da ke zirga-zirga tsakanin masauki da asibiti kullum ya san me wannan ke nufi.

Na biyu, me ya rage a tsaye? Suna daban, abin da ido zai gani daban. Wasu wuraren an rushe mafi yawansu tun ƙarni na 19, wasu kuma suna nan kamar jiya aka gama su. Tikitin duk shiga ɗaya ne, in ka fita ya mutu, saboda haka abin da ke ciki shi ne duk ribar.

Na uku, jiki: nisan tafiya a ƙafa, matakala, inuwa, wurin zama. Wannan ya fi komai muhimmanci idan akwai tsoho ko wanda aka yi wa aiki. Sai sallah da abinci, sannan haɗarin asarar rana, wato a je a tarar a rufe, ko hazo ya rufe abin da aka je gani, ko 'yan kamasho su karkatar da mutum.

| Wuri | Kuɗin baƙo a taga (rupi) | Lokacin da yake ci | Hanya | Nauyinsa a jiki |
|---|---|---|---|---|
| Taj Mahal | 1,100, da ƙarin 200 na hawa hubbare | Yini guda daga Delhi | Jirgin ƙasa ko mota | Mai yawa |
| Agra Fort | 650 | Awa 2 | Kilomita 2.5 daga Taj | Matsakaici |
| Hubbaren Humayun | 600 | Awa 2 | Tashar JLN Stadium, sai adaidaita | Kaɗan, in ba a hau sama ba |
| Qutb Minar | 600 | Awa 1 da rabi zuwa 2 | Tashar Qutub Minar, sai adaidaita | Kaɗan |
| Red Fort | 600 | Awa 2 zuwa 3 | Tashar Lal Quila | Matsakaici |
| Purana Qila | 300 | Awa 1 da rabi | Adaidaita daga Metro | Matsakaici |
| Hubbaren Safdarjung | 300 | Awa 1 | Tashar Jor Bagh | Kaɗan |
| Jama Masjid | Kyauta ga mai sallah | Awa 1 zuwa 2 | Tashar Jama Masjid | Matakala da cunkoso |
| Lambun Lodhi | Kyauta | Yadda ka so | Tashar Jor Bagh | Kaɗan |

Wannan farashi tun gyaran 2018 yake. Gwamnati na iya taɓa shi a kowane lokaci, don haka a duba shafin ASI daren da za a fita.

Taj Mahal: yini guda da kuɗin mako

Sarki Shah Jahan ya fara ginin a 1632, shekara guda bayan rasuwar matarsa Mumtaz Mahal, aka kammala duk harabar wajen 1653. Ta fuskar abin da ya rage a tsaye, babu na biyunsa a wannan jeri. Ƙofar, lambun, masallacin, hasumiyoyi huɗu da kubbar farin marmara duk suna nan. Gani ya kori ji, kuma hoton waya ba ya nuna girmansa.

Matsalar ita ce ba a Delhi yake ba. Agra tana kusan kilomita 200 kudu. Jirgin Gatimaan Express yana tashi daga tashar Hazrat Nizamuddin da ƙarfe 8:10 na safe, ya isa tashar Agra Cantt cikin minti 100, kujerar yau da kullum ƙasa da rupi 1,000 ce har da abinci. Shatabdi mai zuwa Bhopal yana tashi daga tashar New Delhi da ƙarfe shida na safe, shi ya fi dacewa da wanda ke son riga rana. Taj Express ya fi su arha nesa ba kusa ba, kujerar talaka ba ta kai rupi 200 ba, sai dai yana cin kusan awa uku kuma babu na'urar sanyaya ɗaki a wannan ɓangaren. Ɗaliban Greater Noida su hanyarsu daban ce: babban titin Yamuna Expressway, mai kilomita 165, daga bakin garinsu ya fara, don haka mutum huɗu su haɗa kuɗin mota ɗaya ya fi musu komawa Delhi neman jirgi.

Ga lissafin babba ɗaya. Ƙofar Taj 1,100, hawa hubbare 200, Agra Fort 650: tikiti kaɗai 1,950. Ƙara jirgi mai sauri zuwa da dawowa, da adaidaita, da abincin rana, da wuya a tashi ƙasa da 3,500. Wanda ya bi jirgi mai arha ya tsaya a Taj kawai zai iya gamawa a wajen 2,000. Miji da mata sai a ninka, yara kuma ko da ƙofa ba ta karɓi kuɗinsu ba, mai shekara biyar zuwa sama yana da kuɗin jirgi.

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko 200 ɗin nan ta cancanta. Abin da ke cikin ɗakin kansa ba shi da yawa: ɗaki ne mai duhu-duhu, da siffar kabari biyu a bayan shingen marmara, ainihin kaburburan suna ƙasa a rufe, ba a ɗaukar hoto, masu gadi kuma suna kora mutane gaba cikin 'yan mintuna. Amma wannan tikitin ne ke ba da damar hawa dandamalin marmara, kuma a nan ne ake ganin aikin da gaske: furannin da aka sassaƙa aka cusa duwatsu masu launi a cikinsu, da Suratu Yasin da aka zagaye manyan ƙofofin da ita da baƙin dutse, rubutun Amanat Khan. Wanda ya riga ya kashe 1,100 da kuɗin jirgi, hana kansa 200 tsimin banza ne. A sayi tikitin biyu tare tun farko.

Abubuwan da ke ɓata wannan tafiya sanannu ne, kuma kusan duk ana iya kauce musu.

Ranar Juma'a a rufe yake, Gatimaan ma ba ya tashi ranar. Sallar Juma'a a masallacin ciki ta mazauna Agra ce kaɗai, bisa hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 2018. A sauran ranaku ma kada a sa rai da yin sallah a ciki, a tsara Azahar da La'asar a wani masallacin gari.

Tikitin awa uku ne daga lokacin shiga, wanda ya zarce ana cajinsa kuɗi a wurin fita. Ana tambayar fasfo, a tafi da na ainihi. Ba a shiga da abinci, taba, ashana ko laita, wuƙa, caja, da ƙafar ɗora kyamara. Wanda ya zo da babbar jaka zai bar layi ya koma wurin ajiya ya sake bin layi, rabin awa ta tafi. Ƙaramar jaka, fasfo, waya, shi ke nan. Tikitin baƙo yana zuwa da robar ruwa da abin rufe takalmi.

Motoci masu hayaƙi ba sa matsowa kusa da mita 500, sai a ƙarasa da motar batir ko a ƙafa. Daga babbar ƙofa zuwa ginin kuma lambu ne na kusan mita 300, a rana. Ga wanda aka yi wa aikin gwiwa ko zuciya, wannan tare da tafiyar jirgi sau biyu ba ƙaramin abu ba ne, kuma likita ya kamata a fara tambaya, ba mai sayar da tikiti ba.

Daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu hazo kan rufe arewacin Indiya da safe. Jirage na makara da awanni, kuma ana iya tsayawa gaban Taj ba a ga kubbar ba sai hantsi. A Mayu da Yuni zafi na kai wa digiri 45, Bahaushe ya san zafi, amma marmara da jan dutse suna mayar da shi ta ƙasa.

Sai 'yan kamasho. A tashar New Delhi akwai masu tare baƙo su ce an rufe ofishin tikiti ko an soke jirgi, su kai shi shagon da za a sayar masa da mota a ninkin kuɗi. Kada a tsaya. A Agra Cantt akwai rumfar biyan kuɗin adaidaita tun kafin a hau, ita ta fi aminci. Direban da ya yi arha fiye da kima, a shagon kayan marmara zai fanshe, don yana da kaso a duk abin da ka saya. Mai cewa shi ɗan jagora ne a nemi katinsa, a yanke kuɗi kafin a taka. Birai ma suna nan, suna fizge abin da ke hannu.

Agra Fort, wanda Sarki Akbar ya fara a 1565, ya cancanci 650 ɗinsa ga wanda ke da sauran ƙarfi. A nan Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har ya rasu a 1666, kuma daga barandar da ya zauna ana hango Taj a bakin kogin Yamuna. Fadojin cikinsa sun fi na Red Fort na Delhi tsira. Tun 2024 akwai Metro tsakanin wuraren biyu. Wanda kuma tsautsayi ya kai shi Agra ranar Juma'a, lambun Mehtab Bagh da ke tsallaken kogi yana buɗe, rupi 300, kuma daga can ana ganin Taj sosai ta baya.

'Yan ɗari shida na Delhi

Guda uku ne, kuɗinsu ɗaya, amma ba darajarsu ɗaya ba.

Hubbaren Humayun shi ne wanda ya fi biyan kuɗinsa. Sarkin ya rasu a 1556, matarsa Bega Begum ta sa aka gina masa, maginin kuma Bafarise ne, Mirak Mirza Ghiyas, aka gama wajen 1570, shekara 60 kafin a aza tubalin Taj. Duk wanda ya gan shi zai gane inda aka samo tsarin Taj: babbar kubba, dandamali, lambu mai kashi huɗu da magudanan ruwa. Bambancin shi ne wannan jan dutse ne da farin marmara a jiki. Gidauniyar Aga Khan ta yi masa gyara na shekaru, aka kammala a 2013, shi ya sa yake tsaf. Lambun ya kai eka 30, ƙasa a shimfiɗe, da itatuwa da wurin zama, kuma cunkosonsa bai kai rabin na Taj ba. Tikitin ya haɗa da hubbaren Isa Khan na 1547 da ke hannun dama in an shiga, wanda mutane da yawa ke wucewa ba su leƙa ba. A nan ne kuma Turawan Ingila suka kama sarki na ƙarshe na daular Mughal, wato gidan sarautar su Humayun da Shah Jahan, Bahadur Shah Zafar, a 1857.

Aibinsa ɗaya: matakalar hawa dandamalin tana da tsayi da tsauri. Tsoho zai iya zama a lambu ya more ginin daga ƙasa ba tare da ya yi asarar komai mai yawa ba. Sabon gidan tarihi na ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 2024 tikitinsa daban, mai ƙaramin aljihu zai iya barinsa. Unguwar Nizamuddin tana tsallaken titi, da masallatai da abincin halal mai arha, don haka maganar sallah da ciki ta warware.

Qutb Minar shi ne na mai son tarihin Musulunci a Indiya tun daga tushe. Qutbuddin Aibak ya fara hasumiyar wajen 1199, Iltutmish ya ɗora, Firuz Shah Tughlaq ya gyara samanta bayan tsawa ta faɗa mata. Tsayinta mita 72.5. Don a kwatanta, Gobarau ta Katsina kusan mita 15 ce, ta masallacin Agadas 27. Ayoyin Alƙur'ani a sassaƙe suke zagaye da ita, kuma ana karanta na ƙasa da ido. A harabar akwai kangon masallacin Quwwatul Islam, da ƙofar Alai Darwaza ta 1311, da gindin wata hasumiyar da Alauddin Khalji ya so ta ninka wannan amma mutuwa ta riga shi, da sandar ƙarfe mai shekara kusan 1,600 da tsatsa ba ta ci ba.

Abu biyu a sani kafin a biya. Ba a hawa: an rufe matakalarta 379 tun 1981, bayan wuta ta ɗauke mutane suka tattake juna, 45 suka mutu. Masallacin kuma ba a sallah a cikinsa. Ginshiƙansa daga rusassun wuraren bautar Hindu da Jain aka ɗebo su, rubutun ƙofar gabas ma ya faɗi haka, kuma magana ce mai zafi a siyasar ƙasar. Baƙo ya kalla ya wuce, ba wurin muhawara ba ne. Wurin a tattare yake, ba ya gajiyarwa, sai dai inuwa kaɗan ce, gara a je da sassafe ko bayan La'asar a tsaya har a kunna fitilu. Tashar Metro mai sunansa tana nesa da ƙofar da kusan kilomita biyu, a sa kuɗin adaidaita a lissafi. Ga mazauna Saket da Gurugram, layin rawaya ne kai tsaye.

Red Fort, ko Lal Qila, ya fi su suna amma shi ya kamata ya zo ƙarshe. Shah Jahan ya gina shi tsakanin 1639 da 1648. Sarkin Farisa Nadir Shah ya kwashe dukiyarsa a 1739, har da shahararriyar karagar ɗawisu, sannan bayan boren 1857 Turawa suka rushe mafi yawan gine-ginen ciki suka kafa barikin soja. Abin da ya rage, zauren fadanci da zauren ganawa da wasu ɗakuna, yawanci an kewaye su da igiya, daga waje ake leƙe. Gidajen tarihin ciki kuɗinsu ƙari ne. Abin da ya fi burgewa a wurin shi ne jar ganuwar da ƙofar Lahori, inda Firayim Minista ke jawabi kowace 15 ga Agusta, kuma waɗannan daga titi ake ganinsu ba ko rupi. Ana rufe shi kwanaki da dama kafin bikin Agusta.

'Yan ɗari uku

Purana Qila yana da masallacin Sher Shah Suri na 1541, ginin da ya kai a tsaya a kalla, da ƙaramin benen Sher Mandal, inda aka ruwaito Humayun ya ji kiran sallah yana saukowa, ƙafarsa ta harɗe da riga ya faɗo, ajalinsa ke nan. Fili ne babba, tafiya da yawa, gine-gine kaɗan. Hubbaren Safdarjung na 1754 kuwa ƙanin na Humayun ne a tsari, ƙarami, shiru, dab da tashar Jor Bagh. Wanda ya ga na Humayun ba ya buƙatarsa. Wanda 600 ta yi wa nauyi zai sami kubba da lambu da wurin hoto a rabin kuɗi.

Na kyauta, waɗanda ba na yarwa ba ne

An ce araha ba ta ado, amma a Delhi maganar ba ta zauna ba. Jama Masjid, wanda shi ma Shah Jahan ya gina daga 1650 zuwa 1656, masallaci ne mai rai, ana salloli biyar, harabarsa na ɗaukar mutum kusan 25,000. Wanda ya zo sallah ba ya biyan komai. Masu yawon kallo ne ake karɓar kuɗin kyamara a hannunsu, wanda aka saba ji rupi 300, kuma masu ƙofa kan ɗauki duk baƙon fuska a matsayin ɗan kallo. Maganinsa a zo lokacin sallah, a yi sallama, a ce sallah aka zo, waya na aljihu. Hawa hasumiya yana da ɗan kuɗinsa daban, kuma tun da ba a hawa Qutb Minar, nan ne wurin ganin tsohon gari daga sama. A zo da leda a saka takalmi a riƙe, ya fi barinsa a ƙofa. Dutsen harabar yana ƙona ƙafa da tsakar rana. Matakala ce ta kowace ƙofa, fiye da talatin, kuma kasuwar da ke kewaye cike take da masu yankan aljihu, fasfo da kuɗi su kasance a aljihun ciki. Layin Matia Mahal da ke fuskantar ƙofar kudu abincin halal ne tun daga farko har ƙarshe. Tashar Lal Quila ita ce ta gaba a layi ɗaya, don haka fita ɗaya ta isa a yi sallah, a ci abinci, a ga ganuwar Red Fort. Ga masu masauki wajen Jasola da Sarita Vihar da Faridabad, layin nan ne ya bi ta ƙofarsu, babu canjin jirgi.

Lambun Lodhi eka 90 ne, a cikinsa akwai hubbaren Muhammad Shah na 1444, masallacin Bara Gumbad na 1494 da rubutun Larabci a bangonsa, da hubbaren Sikandar Lodi na 1517. Duk sun girmi Taj Mahal da fiye da shekara ɗari, kuma babu mai tambayar tikiti. Idan likita ya ce mara lafiya ya riƙa ɗan tattaki, babu wurin da ya fi nan: hanya a shimfiɗe, inuwa, kujeru. Banda watan Nuwamba da farkon hunturu, lokacin da hayaƙi ke turnuƙe garin, mai ciwon ƙirji ko asma gara ya zauna a ɗaki.

Agrasen ki Baoli tsohuwar rijiya ce mai matakala sama da 100, kusa da kasuwar Connaught Place da ke tsakiyar Delhi, minti ashirin sun isa. Hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya, wanda ya rasu a 1325, shi ma kyauta ne, sai dai akwai masu littafin neman sadaka da ke matsa wa baƙo, ba dole ba ne a ba su. Ziyarar irin wannan wuri kowa da fahimtarsa, an faɗe shi ne don yana kan hanya.

Akwai kuma ranakun da ake ɗage kuɗin ƙofa. An saba yin haka ranar 18 ga Afrilu a wuraren ASI, da kuma kwanakin tunawa da rasuwar Shah Jahan a ƙarshen Rajab, inda ake buɗe Taj kyauta na wasu sa'o'i har a bari a sauka wurin ainihin kaburburan. Garaɓasa ce ta gaske ga matashi mai ƙarfi. Turmutsitsin ranar kuwa bai dace da tsoho ko mai ƙananan yara ba.

Game da biya: sayen tikiti ta intanet yana buƙatar lambar fasfo da katin da zai yi aiki, katin bankin gida kuma yakan ƙi. Ɗalibi mai asusun bankin Indiya zai iya saya wa kowa, a ba shi kuɗin a hannu. In ba haka ba a riƙe takardun 100 da 500, a bi tagar baƙi, wadda layinta ya fi gajarta. A Metro, katin da ake zuba wa kuɗi yana rage kashi 10 cikin 100, kuma akwai tarago na mata zalla a kowane jirgi.

Wa ya dace da me

Mai jinya da kuɗin magani bai gama fita ba: Jama Masjid da Lambun Lodhi, kuɗin Metro kawai. Kada a taɓa kuɗin asibiti don tikiti, domin gwaji ɗaya da ba a zata ba yana iya tasowa ranar sallama.

Wanda ke da 600 ɗaya tak da zai iya saki: Hubbaren Humayun in akwai tsoho ko mai murmurewa a tafiyar, Qutb Minar in malami ne ko ɗalibin tarihi mai son ganin rubutu da tushen abu.

Iyali mai yara 'yan ƙasa da 15: ku ne farashin ya fi yi wa daɗi a cikin Delhi, tun da uwa da uba kaɗai ke biya, 1,100 ta intanet ko yara nawa ne. Agra ce ke tsada gare ku, saboda kujerun jirgi.

Ɗalibi mai shekaru a gaba: babu gaggawa. A jira Fabrairu ko Maris, ko ƙarshen Oktoba, a haɗa mutum huɗu, a tashi da asuba ranar da ba Juma'a ba kuma ba ƙarshen mako ba, a haɗa Taj da Agra Fort a yini ɗaya.

Ɗan kasuwa mai kwana biyar wanda ba lallai ya sake dawowa ba: in akwai 3,500 da ba ta cikin jari, Shatabdin ƙarfe shida, tikitin 1,300 a waya tun daren jiya, ƙaramar jaka da fasfo, tikitin jirgin dawowa kuma a yanke shi tun daga Delhi.